Daga Zangon Fatake zuwa Man Giya: Zafi da Jan Kaya a Hanyar Kazaure

Duk wanda ya saba bin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Dambatta da Kazaure ya nufi Daura a watan Afrilu ya san wannan hoto: a-kori-kura a gefen hanya, an ɗage bonet, tana janye da injin casa ko tankin ruwa, direba kuwa ya rasa abin da ya hana ta tafiya alhali injin yana aiki lafiya lau. Sau da yawa giyar ce ta ƙone, kuma zafi ne ya ƙona ta.

Wannan yanki ya daɗe da sanin nauyin kaya. Tun kafin Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure a farkon ƙarni na 19, ayarin fatake ke kai da kawowa tsakanin Kano da Damagaram, wasu ta Daura, wasu ta Babura zuwa Magarya, ɗauke da kanwa da gishiri da dabino, su koma da tufafi da hatsi. Madugu yana da ƙa'ida: a tashi da asuba, a yada zango kafin rana ta take, a sauke wa jakuna da raƙuma kaya su sha iska. Dabbar da aka matsa wa cikin garjin rana durƙushewa take yi, asarar kuwa ta mai kaya ce.

Isowar layin dogo Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa su suka juya akalar sufuri. Sannu a hankali manyan motoci suka karɓe aikin raƙumi. Daga 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a-kori-kura ƙirar 404, daga baya kuma 504, ta zama jakin ƙauye. Ita ke kwaso gero da dawa da wake daga Gwiwa da Roni zuwa kasuwanni. Giyarta ta hannu ce. Ƙarfin injin yana isa ga tayoyi ta hanyar kuloci da haƙoran ƙarfe, don haka man giyar ba ya ɗaukar zafin a zo a gani. Idan an yi mata lodin da ya wuce kima, kulocin ne ke ƙonewa, kuma kowane bakanike ya iya sauya shi.

A can Amurka kuwa tuni an ɗauki wata hanyar. Kamfanin General Motors ya fito da giya mai sauya kanta, Hydra-Matic, a motocin Oldsmobile na 1940. A 1948 Buick ya kawo Dynaflow, wadda ke amfani da wani kasko mai fukafukai a ciki, bisa fasahar da injiniyan Jamus Hermann Föttinger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. A cikin kaskon nan mai ne ke ɗaukar ƙarfin injin: fanka ɗaya ta watsa man, man ya tura ta biyu. Matuƙar gudun fankokin biyu bai zo daidai ba, ƙarfin da ya salwanta a tsakaninsu zafi yake zama. Nauyi a baya, hawan tudu, tafiyar hawainiya cikin rairayi, duk suna ƙara wannan tazara. Shi ya sa masu ƙera irin wannan giya suke bi da manta ta cikin lagireto, ruwan injin ya rage masa zafi.

Irin waɗannan motoci sun yawaita a wajenmu ne bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a, kasuwar 'yan Kwatano ta buɗe. A yau Tacoma da Tundra da F-150 da aka yi wa hidima a titunan Amurka, da Hilux mai giyar otomatik, su ake ɗaura wa injin casa. A nan gizo ke saƙa. Ma'aunin SAE J2807, wanda kamfanonin Amurka ke bi wajen ƙayyade nauyin da mota za ta iya ja, ya ƙunshi hawan wani tudu mai tsawon kimanin kilomita 18 kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, cikin zafin da bai gaza kusan digiri 38 ba. Sabuwar mota ake gwadawa a kan kwalta. Mu kuwa a bazara zafinmu kan haura digiri 40, motar ta kwana biyu, ƙurar hunturu ta toshe lagireto, hanyar gona kuma rairayi ne ko tsakuwar duwatsun Roni.

Man giya ya fi son ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 90. Makanikai suna da wata tsohuwar ƙa'ida ta kintace: duk ƙarin kimanin digiri 11 a kan haka yana raba tsawon rayuwar man gida biyu. Idan ya dahu sai ya rine daga ja zuwa ruwan ƙasa, ya riƙa ƙauri, robobin ciki su bushe, faifayen giya su fara zamewa. Maganin da aka saba shi ne ƙara wani ɗan lagireto na musamman don man giya.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai bututu lanƙwasasshe da fukafukai, wanda ya fi araha amma ya fi rauni wajen sanyayawa. Akwai mai siraran faranti da fukafukai, matsakaici. Akwai kuma mai faranti jere bisa juna, wanda ya fi ƙwari da aiki gwargwadon girmansa, kuma shi ya dace da mai jan kaya kullum. Wajen zaɓen girma, nauyin mota da na abin da take ja za a haɗa, a ɗauki wanda ya ɗara hakan. A ƙasashen ƙanƙara ana tsoron man ya yi sanyi fiye da kima, amma a Babura wannan ba abin damuwa ba ne sosai.

Yadda aka ɗaura shi ma yana da nasa tasiri. A sa shi can gaba inda iska ke bugawa kai tsaye. Man ya fara bi ta lagireton mota, sannan ya shiga sabon, ya koma cikin giya. Tiyo ya zama wanda aka yi don man giya, ba na fetur ba, a kuma nisanta shi da salansa. Bayan an gama a ƙara mai, domin sabon ma'ajin ya sha wani kaso. A kuma duba ko motar ta zo da nata tun daga kamfani, kada a yi sayen banza. Masu zuba ruwan rijiya zalla a lagireto su sani tsatsa na iya huda bututun da ke ciki, ruwa ya gauraya da man giya. Idan man ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, ɓarna ta riga ta auku.

Ɗan lagireton nan ba ya ƙara wa mota ƙarfin ja, ba ya ƙara wa birki kamu. Nauyin da kamfani ya ƙayyade yana nan daram. Saukar da giya a hawa, wanke ƙura daga fukafukai, da duba launin mai kafin doguwar tafiya, duk suna kan direba.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, zai ratsa ta Kazaure, kuma idan ya kammala zai iya ɗauke wa titin wani kaso na manyan kaya. Amma jirgi ba zai shiga gonakin Gwiwa ba. Tsakanin gona da tasha a-kori-kura ce za ta ci gaba da ja, kuma mai ita zai fi cin riba idan ya yi sammako, ya bar ta ta huce da tsakar rana kamar yadda madugu ke yi wa ayarinsa.