Daga Idon Makiyayi Zuwa Tauraron Ɗan Adam: Yadda Aka Auna Ciyawar Sudan

Sa'ad da Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'arsa suka yada zango kusa da Sinnar a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, ba su da awon ciyawa sai ido da ƙafa. Makiyayi ya duba fili, ya san zai riƙe garke wata guda ko kwana uku.

A lokacin masana sun soma wata dabara a Amurka. A 1898 Roscoe Pound da Frederic Clements suka shata murabba'i a filayen Nebraska, suka ƙirga tsirran da ke ciki ɗai-ɗai. Har yau haka ake yi: a ajiye firam mai faɗin mita ɗaya, a tsuguna, a rubuta ko kiri-kiri ya rufe rabi ko aya-aya ta cinye kwata, a matsa gaba a sake.

Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, audugar Jazira ta sa ciyawa ta zama lissafin kuɗi, domin duk gonar da ciyawa ta cinye asara ce. Amma babban aikin ya zo a 1958, lokacin da M. N. Harrison da J. K. Jackson suka rarraba tsirran Sudan bisa ruwan sama da irin ƙasa. Inda ruwa bai kai milimita 75 ba suka kira shi hamada. Baƙar lakar Jazira da Shuɗin Nilu kuwa, mai tsagewa da rani, ta faɗa cikin dajin ƙaya, inda itacen kitir ke sarauta kafin dushe da aduwa su karɓe ta kudu.

Taswirar da suka fitar ta haifi gardama. A 1975 Hugh Lamprey ya shiga jirgin sama, ya kwatanta abin da ya gani da ita, ya ce hamada ta matso kudu kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17. Magana ta bazu duniya. Sai dai ya yi awon ne bayan shekarun fari. Ulf Helldén na Jami'ar Lund ya bincika hotunan tauraron ɗan adam na Kurdufan, bai ga wannan tafiya ba. A 1991 Compton Tucker da abokan aikinsa suka nuna iyakar kore ta ja kudu har 1984, ta koma arewa a 1985 da ruwa ya dawo.

Tauraro na ganin kore, amma ba koyaushe yake bambance gamba da maskit ba, itacen da aka shigo da shi Sudan a 1917, aka ayyana shi annoba a 1995. Shi ya sa har yanzu ma'aikaci ke fita da firam ɗinsa bayan damina.