Gundumar Cherry: Ƙasar Yashi Inda Shanu Suka Fi Mutane Yawa

A arewacin jihar Nebraska ta Amurka, dab da iyakar jihar Dakota ta Kudu, akwai wata gunduma da ake kira Cherry. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita dubu 15, kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin jihar Kano, amma ƙidayar shekarar 2020 ta samu mutum 5,455 kacal a cikinta. Idan aka raba ƙasar, kowane mutum ɗaya zai tashi da kusan murabba'in kilomita uku. Ita ce gunduma mafi girma a Nebraska, har ta fi jihar Connecticut baki ɗaya faɗi, kuma saboda tsawonta agogon gabashinta ya riga na yammacinta da awa guda.

Wanda yake son sanin dalilin ƙarancin mutane a wannan wuri, sai ya duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Kusan duk gundumar tana cikin yankin Sandhills, tuddan rairayi da iska ta tara shekaru dubbai da suka wuce, daga baya ciyawa ta rufe su ta riƙe su da saiwoyinta. Yankin ya mamaye kusan rubu'in jihar. Ruwan sama kusan milimita 500 ne a shekara, kuma yashi yana shanye shi nan take ya tura shi ƙasa, zuwa babbar taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Ogallala. Shi ya sa a kwarurukan da ke tsakanin tuddai ake samun tafkuna da fadamu, kuma rijiya ba ta yin zurfi kafin a kai ga ruwa. Injinan jan ruwa masu aiki da iska suna tsaye birjik a makiyaya, suna cika kwamin shayar da shanu dare da rana.

Ciyawar ce garkuwar wannan ƙasa. Duk inda garma ko kofato ya yaye ta, iska takan shiga ta haƙe yashin, ramin ya yi ta faɗaɗa shekara da shekaru. Wannan ya sa noma bai taɓa zama da gindinsa a nan ba.

Kafin zuwan Turawa, 'yan ƙabilar Lakota ne ke farautar ɓaunar Amurka a wannan fili. Bayan yaƙe-yaƙen shekarun 1870 gwamnati ta ƙwace ƙasarsu ta tsugunar da wani reshe nasu a Rosebud, can tsallaken iyaka. A 1880 aka kafa barikin soja na Fort Niobrara don sa musu ido. Ɗaya daga cikin hafsoshin barikin, Laftanar Samuel Cherry, an harbe shi a 1881 yana bin sawun ɓarayi, kuma sunansa aka sa wa gundumar da aka ƙirƙira a 1883. A wannan shekarar layin dogo ya iso garin Valentine, wanda ya ɗauki sunan Edward Valentine, ɗan majalisar tarayya daga Nebraska, ya kuma zama hedikwata. Sojoji baƙar fata, waɗanda ake yi wa laƙabi da Buffalo Soldiers, sun yi zama a barikin kafin a rufe shi a 1906.

Masu shanu na farko sun ji tsoron tuddan, suna ganin dabba za ta ɓace ko ta mutu a ciki. A hunturun 1879 guguwar ƙanƙara ta kora shanun gonar kiwon E. S. Newman cikin yashin. Da makiyayansa suka bi su, sai suka tarar da su sun yi ƙiba, tare da wasu shanun da suka daɗe da ɓacewa suna hayayyafa abinsu. Labari ya bazu, manyan masu garke suka kwararo. Wasu har suka kewaye filin gwamnati da waya mai ƙaya kamar nasu ne. Bartlett Richards, mai babbar gonar kiwo ta Spade, ya mutu a 1911 yana zaman hukuncin ɗauri kan rikicin filaye.

Gwamnati dai ta so ta cika wurin da ƙananan manoma. A lokacin, dokar 1862 tana ba mai zama eka 160 kyauta, amma a ƙasar yashi wannan ba ta ciyar da iyali. Sai ɗan majalisa Moses Kinkaid ya kawo dokar 1904 wadda ta ɗaga rabon zuwa eka 640 a yammacin Nebraska. Mutane suka yi tururuwa. Inda babu itace, sai su yanko ƙasa mai ciyawa su jera ta su yi bango, su ɗora rufi. A ƙidayar 1920 mutanen gundumar sun kai 11,753, kuma ba ta sake ganin wannan adadi ba.

Cikin masu zuwan akwai iyalai baƙar fata da suka kafa ƙauyen DeWitty a bakin kogin North Loup, daga baya aka sauya masa suna zuwa Audacious. Da yawansu jikoki ne na bayin da suka tsere zuwa Kanada, suka dawo neman ƙasar da za su kira tasu. Sun gina makaranta da coci da gidan waya, suka zama matsugunin manoma baƙar fata mafi girma da Nebraska ta taɓa yi. Eka 640 ma ba ta isa ba. Faɗuwar farashin amfanin gona da farin shekarun 1930 suka kori mutanen DeWitty tare da maƙwabtansu farar fata, masu shanu suka saye filayen. A 2016 aka kafa allon tarihi a gefen babbar hanya mai lamba 83 don tunawa da su, zuriyarsu suka zo daga jihohi daban-daban suka halarta.

Yau gundumar Cherry ce ta fi kowace gunduma a Amurka yawan shanun nama masu haihuwa, sama da dubu 150. Saniya ɗaya da maraƙinta na bukatar eka goma ko fiye a shekara, don haka gonar kiwo mai eka dubbai ba abin mamaki ba ce, kuma iyali guda da 'yan ma'aikata kaɗan suna iya riƙe ta. Da bazara ake haihuwar maruƙa, maƙwabta su haɗu su yi gayya wajen buga musu tambari da ƙarfe mai zafi. Da rani a yanke ingirici a fadamu don hunturu, da kaka a kai maruƙa kasuwar gwanjo ta Valentine.

Kusan rabin mutanen gundumar a Valentine suke, garin da ke da mutum 2,633 a 2020. Sunan garin ya jawo masa wata sana'a: duk watan Fabrairu mutane daga nesa suna aiko da katunan masoya domin a buga musu hatimin garin a sake aikawa. Baƙi kuma suna zuwa shiga kwalekwale a kogin Niobrara, wanda majalisar tarayya ta ba wa kariya ta musamman a 1991, su ga Smith Falls, magangarar ruwa mafi tsayi a jihar, mai kusan mita 19. Tsohon filin bariki ya zama gandun namun daji tun 1912, kuma ɓauna na kiwo a cikinsa. A madatsar ruwa ta Merritt, inda babu hasken birni da zai rage duhun dare, masu kallon taurari suna taruwa kowace shekara da na'urorinsu.

Ƙananan ƙauyuka ne suka fi jin jiki da raguwar jama'a. Cody, ƙauyen da mutanensa ba su kai 200 ba, ya yi shekaru babu kantin kayan abinci, sai mutum ya yi tafiyar kilomita kusan 60 zuwa Valentine kafin ya sayi madara da burodi. Malamai da ɗaliban makarantar sakandaren ƙauyen suka ɗauki nauyin magance matsalar. Suka tara tallafi, aka gina kanti da bangon dammunan ciyawa, aka buɗe shi a 2013 da sunan Circle C Market. Ɗalibai ne ke yin odar kaya, su jera su a kanta, su riƙe lissafi, a matsayin wani ɓangare na karatunsu, iyayensu kuma su zo su yi cefane a hannunsu.