Yadda kuɗin kamfanoni ya isa ga yaran bayan tashi daga makaranta a Amurka

A shekarar 1876, wani matashin ɗan kasuwar hannun jari mai suna Edward Harriman ya kai ziyara wata makarantar mishan ta 'yan mata a unguwar talakawa ta birnin New York. Ana ba da labarin cewa yana ciki sai ga dutse ya faso gilashin taga. Yaran unguwa ne maza suka jefo shi, yaran da ba su da wurin zuwa da yamma sai bakin titi. Harriman ya nemi ɗaki, ya buɗe musu wurin wasa da karatu, kuma daga nan Boys' Club na New York ya samo asali. Wasu mata a garin Hartford sun riga shi, domin tun 1860 suke tattara yaran titi suna ba su abin yi. A 1906 irin waɗannan ƙungiyoyi guda 53 suka haɗa kai a Boston.

Sai dai kuɗin da ke tafiyar da su daga aljihun mutane yake fitowa. Kamfani ba shi da wannan damar. A idon kotunan wancan zamani, dukiyar kamfani amanar masu hannun jari ce, shugabanni ba su da hurumin yin kyauta da ita. Wata kotu a Ingila ta faɗi haka a 1883, kuma a 1919 kotun ƙolin jihar Michigan ta tunatar da Henry Ford cewa don ribar masu hannun jari ake kafa kamfani. Kafa ɗaya aka bari, wato idan kyautar za ta amfani kamfanin kai tsaye. Ta nan kamfanonin jirgin ƙasa suka bi suna tallafa wa masaukan ƙungiyar YMCA inda ma'aikatansu ke kwana.

Buƙata kuwa sai ƙaruwa take. Zuwa 1918 duk jihohin Amurka sun wajabta karatun boko, a 1938 kuma dokar tarayya ta taƙaita sa yara aikin ƙwadago. Yaro ya tashi daga makaranta ƙarfe uku, uwa da uba suna masana'anta har wajen shida. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da mata suka cika masana'antu, an saba ganin yaro da makullin gida rataye a wuyansa da zare, ya buɗe ƙofa ya shiga gidan da babu kowa.

Shekarar 1935 ta kawo abubuwa biyu. Majalisar dokokin tarayya ta yarda kamfani ya cire kyautar da ya yi daga kuɗin da za a yanka masa haraji, har kashi 5 cikin 100. A garin Flint kuma, Charles Stewart Mott, babban mai hannun jari a General Motors, ya saurari wani malamin wasanni, Frank Manley, wanda ya nuna masa cewa ba sai an gina sabon wuri ba, ga gine-ginen makarantu nan a kulle tun la'asar. Gidauniyar Mott ta ba da dala 6,000 aka buɗe makarantu biyar da yamma. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma garuruwa da dama sun kwaikwaye ta.

Abin da ya rage na shakka wata shari'a ce ta kawar da shi a 1953. Kamfanin A.P. Smith, mai ƙera kan famfon 'yan kwana-kwana, ya ba Jami'ar Princeton dala 1,500, wasu masu hannun jari suka ƙi yarda. Kotun ƙolin New Jersey ta ce kamfani na da ikon yin kyauta don amfanin al'umma. A 1981 aka ɗaga rangwamen harajin zuwa kashi 10.

Daga nan hanya ta buɗe. A 2000 kamfanin sayar da tufafi na JCPenney ya shiga cikin waɗanda suka kafa Afterschool Alliance, tare da gidauniyar Mott da ma'aikatar ilimi ta tarayya. Yau da wuya ka shiga ɗakin kwamfuta ko filin ƙwallon irin waɗannan ƙungiyoyi ba ka ga tambarin wani kamfani a bango ba.

Amma tallafin kamfani yawanci na shekara guda ne, kuma an fi son ba da shi ga abin da ido zai gani, kamar kwamfutoci da rigunan wasa. Albashin mai kula da yaran da kuɗin haya da na wuta sukan rage a wuyan ƙungiyar, shugabanta ya ƙare da rubuta takardun neman tallafi duk shekara. Babban nauyin gwamnati da iyaye ne suka ɗauka. Kasafin da gwamnatin tarayya ta ware wa shirinta na kula da yara bayan tashi daga makaranta ya tashi daga dala miliyan 40 a 1998 zuwa biliyan ɗaya a 2002.