Hanyoyin kekuna a tsakiyar Landan: Tsari, kuɗi da taƙaddamar siyasa

Tsawon hanyoyin da aka ware wa masu hawa keke a birnin Landan ya haura kilomita 400 a ƙarshen shekara ta 2024, alhali a 2016 bai wuce kilomita 90 ba, kamar yadda alƙaluman hukumar sufurin birnin, wato TfL, suka nuna.

Sai dai duk wanda ya dubi taswirar hanyoyin zai lura da cewa akwai giɓi a wurare da dama, musamman a yammacin tsakiyar birnin. Hanya za ta miƙe da shingenta har tsawon kilomitoci, sai kuma ta yanke a daidai inda iyakar wata ƙaramar hukuma ta fara, mai keke ya koma cikin motoci.

Akasarin waɗannan giɓi sun samo asali ne daga yadda aka raba iko a kan titunan birnin.

Wa ke da titi?

A shekara ta 2000 ne aka ƙirƙiro muƙamin zaɓaɓɓen magajin garin Landan, aka kuma ɗora hukumar TfL a ƙarƙashinsa. To amma titunan da hukumar ke iko da su kai tsaye ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba, ko da yake su ne manya, kuma suna ɗaukar kimanin kashi 30 cikin ɗari na zirga-zirgar motoci. Akan gane su da jan layin da aka shafa a gefensu.

Sauran titunan na hannun ƙananan hukumomi 32 ne, da kuma hukumar tsohon birni, inda manyan bankuna suke. Hanyoyin da suka ratsa gandun shaƙatawa na gidan sarauta, irin su Hyde Park da Regent's Park, su ma da hukumarsu daban.

Kowace ƙaramar hukuma na da zaɓaɓɓun kansiloli da ke komawa gaban masu jefa ƙuri'a duk bayan shekaru huɗu. Wanda ke bi ta titin a kan keke kuwa, sau da yawa daga wata unguwa ya fito, wata unguwar kuma za shi, don haka ba shi da ƙuri'a a wurin. Mai kanti da mai gidan da za a ɗauke wa wurin ajiye mota su ne ke da ita.

Magajin gari na iya ba da kuɗi, yana kuma iya hanawa. Amma karɓe titi daga hannun ƙaramar hukumar da ba ta yarda ba, sai da amincewar sakataren sufuri na gwamnatin Birtaniya.

Zamanin shuɗin fenti

Magajin gari na farko, Ken Livingstone, wanda ya ƙaddamar da harajin shiga tsakiyar birni da mota a watan Fabrairun 2003, shi ne ya bayyana shirin kafa manyan hanyoyin kekuna a farkon 2008. Bayan 'yan watanni ya sha kaye a hannun Boris Johnson na jam'iyyar Conservative, wanda ya gaji shirin.

A watan Yulin 2010 aka buɗe hanyoyi biyu na farko, a watan ne kuma aka fara ba da hayar kekuna a tashoshi daban-daban na tsakiyar birnin.

Galibin waɗannan hanyoyi na farko shuɗin fenti ne kawai aka shafa a gefen kwalta. Aikin ya yi arha, ya yi sauri, bai kuma ɓata wa direbobi rai ba, saboda ba a rage musu komai ba. Matsalar ita ce fenti ba ya tare mota. A wasu wuraren ma doka ba ta hana direba hawa kansa ba, kuma yakan ɓace a mahaɗar tituna, inda haɗari ya fi yawa.

A ƙarshen 2011 manyan motoci sun kashe masu keke biyu a shataletalen Bow da ke gabashin birnin, cikin ƙasa da wata guda. A watan Fabrairun 2012 jaridar The Times ta fara wani gangami na neman a gyara tituna, bayan da wata babbar mota ta yi wa wata ma'aikaciyarta mummunan rauni. Ƙungiyar masu keke ta Landan, wadda aka kafa tun 1978, ta yi amfani da zaɓen magajin gari na wannan shekarar wajen matsa wa 'yan takara lamba su yi alƙawarin gina hanyoyi irin na ƙasar Holland, wato masu shinge tsakanin keke da mota.

Mr Johnson ya sake lashe zaɓen, kuma a watan Maris na 2013 ya gabatar da wani shiri na kashe fam miliyan 913 cikin shekaru goma. Ya naɗa wani ɗan jarida, Andrew Gilligan, ya jagoranci aikin.

A watan Nuwamban shekarar masu keke shida suka mutu a titunan birnin cikin makonni biyu. Ɗaruruwan mutane sun kwanta a kan kwalta a gaban hedkwatar TfL domin nuna fushinsu.

Bakin kogin Thames

Aikin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne hanyar da ta ratsa tsakiyar birnin daga gabas zuwa yamma, ta bi ta bakin kogin Thames daga Tower Hill zuwa ginin majalisar dokoki. A nan an karɓe ɗaya daga cikin layukan motoci huɗu, aka gina dakali na kankare, aka bar wa kekuna masu zuwa da masu dawowa.

Zaɓen wannan titi na da dalili. Yawancinsa na ƙarƙashin ikon TfL ne, saboda haka babu buƙatar roƙon kowa.

Duk da haka adawar ta yi tsanani. Kamfanin da ke da unguwar hada-hadar kuɗi ta Canary Wharf ya yi ƙorafin cewa tafiya a mota zuwa gabashin birnin za ta ƙara tsawo. Ƙungiyar direbobin tasi ta garzaya kotu tana cewa an fara aikin ba tare da izinin gini ba, amma babbar kotu ta yi watsi da ƙarar a watan Fabrairun 2016. A majalisar dattawa kuma, tsohon ministan kuɗi Nigel Lawson ya kamanta ɓarnar da ya ce aikin ke yi wa birnin da ta ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu.

A ɗaya ɓangaren, mafi yawan waɗanda suka amsa tambayoyin jin ra'ayin jama'a da aka gudanar a 2014 sun goyi bayan aikin, haka ma manyan kamfanoni da dama waɗanda ma'aikatansu ke zuwa ofis a kan keke.

An buɗe hanyar a 2016, ana daf da ƙarewar wa'adin Mr Johnson. An yi ta gaggawa ne domin a kammala kafin zaɓe, ganin cewa rushe kankare ya fi soke takarda wuya. Ba da jimawa ba TfL ta ce a gadar Blackfriars, inda hanyar arewa zuwa kudu ta bi, kekuna sun kai kimanin kashi 70 cikin ɗari na ababen hawa a lokacin tafiya aiki da safe.

Batun ko hanyoyin ne ke haddasa cunkoso na ci gaba da raba kan jama'a. Ko shakka babu motoci sun ƙara jinkiri a bakin kogin. Amma a daidai wannan lokaci ne yawan direbobin motocin haya masu zaman kansu ya tashi daga kimanin dubu 60 a 2010 zuwa sama da dubu 100 a 2016, bayan shigowar kamfanoni irin su Uber, ga kuma ƙaruwar motocin kai kaya gida-gida. Ɗora wa keke laifin gaba ɗaya ba adalci ba ne.

Sadiq Khan da ƙananan hukumomin yamma

Sadiq Khan na jam'iyyar Labour, Musulmi na farko da ya zama magajin garin Landan, ya hau mulki a watan Mayun 2016 da alƙawarin faɗaɗa hanyoyin. Sai dai an riga an yi masu sauƙin. Abin da ya rage ya bi ta titunan da ba nasa ba.

Ƙaramar hukumar Westminster, wadda ke riƙe da galibin titunan kasuwanci na tsakiyar birnin, ta kai TfL ƙara a kan wata hanya da za ta taso daga Swiss Cottage ta bi ta gefen Regent's Park, kuma ta yi nasara a watan Satumban 2018. Aikin bai sake tashi ba.

A watan Yunin 2019 ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta sanar a wani taron jama'a cewa ba za ta amince da hanyar da aka tsara a Holland Park Avenue da Notting Hill Gate ba, tun kafin a kammala jin ra'ayin mutane. Masu adawa sun kafa hujja da bishiyoyin da za a sare da kuma cinikin masu kantuna.

Ga kuma matsalar kuɗi. A 2018 gwamnatin Birtaniya ta daina bai wa TfL tallafin gudanar da ayyukan yau da kullum, abin da ya sa hukumar ta ƙara dogara sosai a kan kuɗin tikitin bas da jirgin ƙasa.

Lokacin annobar korona

Da annobar ta ɓarke a 2020, kuɗin tikiti ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin ɗari, TfL ta koma neman ceto daga gwamnati. Amma kuma annobar ta buɗe wata ƙofa. Tun da an hana cika bas da jirgi, hukumomi sun ji tsoron kowa zai fito da motarsa.

Boris Johnson, wanda a lokacin shi ne Firayim Minista, ya ware fam biliyan 2 domin tafiyar ƙafa da hawa keke, ya kuma umarci ƙananan hukumomi su yi aiki cikin makonni. Da sandunan roba da manyan tukwanen furanni aka riƙa ware hanyoyi, a kan cewa gwaji ne, za a ji ra'ayin jama'a daga baya.

Wannan sauri ya samar da kilomitoci masu yawa, ya kuma tara abokan gaba. Mutane da dama sun wayi gari sun tarar an toshe titinsu ba tare da an tuntuɓe su ba. A watan Janairun 2021 babbar kotu ta goyi bayan direbobin tasi a kan hana su bin titin Bishopsgate, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Yuni.

Rikicin bai bi layin jam'iyya ba. Mr Johnson da ke matsa lamba ɗan Conservative ne, kansilolin da suka fi turjewa su ma 'yan Conservative ne. A Tower Hamlets kuma, Lutfur Rahman ya lashe zaɓen 2022 da alƙawarin sake buɗe wa motoci titunan da aka toshe. Gwamnatin Conservative ɗin da kanta ta sauya murya a 2023, lokacin da Firayim Minista Rishi Sunak ya fito da wani shiri na kare muradun direbobi.

Akwai ƙorafi guda da ya fi sauran ƙarfi. A inda hanyar keke ta ratsa tsakanin tashar bas da wurin tafiyar ƙafa, dole fasinja ya tsallaka ta kafin ya hau mota. Ƙungiyoyin makafi sun daɗe suna cewa hakan na jefa mambobinsu cikin haɗari, tun da keke ba ya ƙara, kuma ba kowane mahayi ne ke tsayawa ba.

Alƙaluma

TfL ta ƙiyasta cewa a 2024 ana yin tafiye-tafiye kimanin miliyan 1 da dubu 330 a kan keke a kowace rana a birnin, ƙarin kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan na 2019. A tsohon birni, ƙidayar da aka yi a 2022 ta nuna cewa kekuna sun fi kowane irin abin hawa yawa a lokutan zuwa aiki da tashi. Ƙidayar jama'a ta 2021 kuma ta gano cewa kimanin kashi 42 cikin ɗari na gidajen Landan ba su da mota.

Misalin da aka fi ambata idan ana maganar giɓi shi ne babban titin Kensington. Daga yamma hanyar keke mai lamba 9 ta taho ta Chiswick da Hammersmith ta tsaya a Olympia, wato kan iyakar ƙaramar hukumar. Daga gabas kuma akwai hanyoyin da ke cikin Hyde Park.

A watan Oktoban 2020 ƙaramar hukumar ta kafa sanduna a tsakanin wuraren biyu, ta kuma cire su a farkon Disamba, bayan makonni bakwai kacal, tana cewa 'yan kasuwa da mazauna unguwar sun koka. Iyaye da malaman wata makarantar firamare da ke kusa sun yi zanga-zanga, Mr Khan ya yi barazanar karɓe titin da neman a mayar da kuɗin da aka kashe, amma sandunan ba su dawo ba.

A 2023 ƙaramar hukumar ta amince a shafa fenti a wasu sassan titin, ba tare da shinge ba.