Lissafin Shagari a Zaɓen 1979

Tsarin mulkin 1979 ya zo wa 'yan siyasar Najeriya da sabon sharaɗi: yawan ƙuri'u kaɗai bai isa ba, sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 cikin ɗari a biyu bisa uku na jihohi 19. Jam'iyyar NPN ce ta fi gane karatun. Ta raba muƙamai tun kafin a buga gangar kamfe: Shehu Shagari daga Sakkwato, mataimakinsa Alex Ekwueme daga ƙasar Ibo, shugabancin jam'iyya kuwa aka bai wa Adisa Akinloye, Bayarabe. Abokin hamayyar Shagari, Awolowo, duk da gogewarsa, ya ɗauko mataimaki daga Kudu, abin da ya rufe masa ƙofofin Arewa.

Ranar 11 ga Agusta, Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12. A Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi kaka-gida, ya tsaya a kusan kashi 20. Da aka je kotu, lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka ƙuri'un da ya samu a Kano sun cike sharaɗin, Kotun Ƙoli ta yarda, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba.