Tsohon Jirgi a Ruwan Bakolori

Tarihin jirgin ruwa a ƙasar Maradun da Bakura da Talata Mafara ya kasu zamani biyu, kuma madatsar Bakolori ce ta raba su. Kafin a tare ruwan, Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratso ta Gusau, gulbi ne mai bin damina. Yakan cika ya malale fadamu daga Yuli zuwa Satumba, sa'an nan ya janye, da rani ya koma yashi da gurabe nan da can. Irin wannan ruwa ba ya bukatar jirgi sai na 'yan watanni, don fito, wato tsallakar da mutane da kayansu ranar kasuwa.

Abin hawan masunci a wancan zamani gora ce. Babbar gora mai baki a sama, masunci ya kife a kanta da ciki yana tura ruwa da ƙafa, homa a hannu, kifin da ya kama ya jefa cikinta. Haka ake gani har yau a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo tsarinsa na yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. A gona ake shuka gora, in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke. Ba ta cin jari. Can gabas kuma, a Komadugun Yobe, matafiyi Heinrich Barth ya tarar a farkon shekarun 1850 ana haɗa manyan ƙorai biyu da sanda guda, a ɗora kaya ko mutum a tsakani a tura zuwa ƙetare. Dabarar ita ce ta jirgin nan mai jiki biyu da ake kira katamaran: abu biyu masu yawo a ruwa, in aka nisanta su aka ɗaure, ba sa saurin kifewa.

Kwalekwalen sassaƙa ya girmi duk wani rubutaccen tarihi na ƙasar nan. Wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya ɗara mita 8. Daga gungume ɗaya ake fafe irinsa da gatari da gizago. Maɗaci da kawo su ne na ƙwarai, don suna jure ruwa da gara. Rimi ya fi sauƙin sassaƙa, ya kuma fi saurin ruɓewa. Sai dai itacen da zai ba da jirgi yakan daɗe kafin ya girma, kuma masassaƙan turmi da kujera da ƙyaure su ma shi suke nema. Shi ya sa gwanintar jirgi ta fi zama a hannun Kabawa da Sarkawa da mutanen Yawuri, waɗanda ruwansu ba ya ƙafewa.

Aka fara ginin madatsar Bakolori a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala shi a 1978 a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Bangon ƙasa ne mai tsawon kilomita 5.5, da ginin kankare a tsakiya mai tsayin mita 48. Da tafkin ya cika, ya shafe kimanin hekta 8,000, ya miƙe kilomita 19 zuwa sama, yana riƙe da ruwa kubik mita miliyan 450. An tashi mutum wajen 13,000 daga gidaje da gonakinsu aka mai da su kan tudu. Rigimar diyya da rabon filaye ta kai ga harbin da 'yan sanda suka yi ranar 28 ga Afrilu, 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa. Hukuma ta amsa mutuwar mutum 20 da 'yan kai, wasu majiyoyi suka ce adadin ya haura 380.

Ga masu su, madatsar ta ba da da hannun dama ta karɓe da na hagu. A ƙasanta, ta wajen Bakura zuwa gaba, ambaliyar da kifi ke bi ya shiga fadama ya yi ƙwai ta ragu, kamu ya faɗi, kamar yadda binciken W. M. Adams ya nuna a shekarun 1980. A samanta kuwa sai ga ruwa mai zurfi da faɗi, rani da damina. Gora ba ta iya masa, balle in iskar hunturu ta tayar da igiya. Mai son shimfiɗa raga ko mamari a tsakiyar tafki dole ya nemi jirgi.

Jirgin da ya amsa wannan bukata a madatsun Arewa shi ne na katako, wanda ya yaɗu sosai bayan an tare Kwara a Kainji a 1968. Kafinta ne ke haɗa shi da falankai da ƙusa, gindinsa shimfiɗaɗɗe, ya fi na sassaƙa faɗi da sauƙin ɗauka a mota. Amma katakon daga Kudu yake zuwa, kuɗin mota a kansa, kuma jirgin ba ya daɗewa kamar na gungume. Manomin da gonarsa ta nutse, ko saurayin da ke fara su, ba kasafai yake da kuɗin sabo ba. Na hannu yake saye, kuma gaskiyar cinikin ita ce ba jirgi kawai yake saye ba, har da gyaran da mai shi na farko ya jinkirta.

Shi ya sa mai hankali ba ya taya jirgi yana kan ruwa. Sai an jawo shi gaɓa an kifar. Gindi ake fara dubawa, don shi ke gugar yashi da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye. Ana ƙwanƙwasa katakon da ƙotar wuƙa: mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake, in aka danna tsini ya shige ba gardama. Ana bin kawunan ƙusa ɗaya ɗaya, domin baƙin zobe a kewayen ƙusa alama ce tsatsa ta ci ƙarfen, ramin ya buɗe. Kwalta sabuwa mai sheƙi a jikin tsohon jirgi abin tuhuma ce, ba ado ba. Bayan haka a mai da shi ruwa, mutum biyu ko uku su shiga, a ga inda yake tsattsafowa da yadda yake karkata. A jirgin sassaƙa, tsagar da ta bi tsawon itace tana ɗaukar gyara. Wadda ta gitta a goshi ko a wutsiya ba ta cika warkewa ba.

Ciniki yana bin tsarin kasuwar Hausa: a taya, mai jirgi ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani har a sallama, ya karɓi la'adarsa. Fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, don haka mai sayarwa da ya san abin da yake yi yakan nuna faci da yatsa a gaban shaidu. In gardama ta taso, gaban Sarkin Ruwa ake fara kai ta. Sau da yawa ma kuɗin ba na masuncin ba ne. Ɗan kasuwar kifi ne ke biya, a kan sharaɗin duk tarwaɗa da karfasar da aka kama shi za a sayar wa har bashi ya fita. Nan ake samun cikas, don jirgin da ba a gama biya ba kowa yana ganin gyaransa na ɗayan ne.

Gyaran kansa ba ya ƙarewa. Rana ta fi ruwa illa ga katako: jirgin da aka bari a tudu cikin zafin Maris da Afrilu yakan bushe ya tsuke, haɗin falankai ya buɗe har haske ya ratsa. Don haka ake nutsar da wanda ba a aiki da shi a bakin gaɓa, a danne da duwatsu, itacen ya sha ya kumbura. Ɓarakar da ta rage ana cusa mata auduga ko tsumma da bakin wuƙa, a narka kwalta a tsohon gwangwani a shafe. Babban rami sai faci: a yanko gwangwani ko guntun kwanon rufi, a shimfiɗa tsumma mai kwalta a ƙasa, a bi gefe da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Zamani ya kawo narkakkiyar roba a madadin kwalta, tana da arha, amma takan ɓare in katako ya motsa. Kowane jirgi da abin kwalfe ruwansa, dā ƙwarya, yanzu yankakkiyar jarka, kuma yawan hannun da ake kai mata shi ne ma'aunin lafiyar jirgin. Gwangwalar turi da filafili ba su da tsada. Inji ne ya canza lissafi, don tsohon Yamaha kan fi jirgin da aka ɗaura masa kuɗi, girgizarsa kuma tana sassauta ƙusoshin wutsiya.

Masu sayen tsofaffin katamaran na shaƙatawa a gaɓar Faransa ko tsibiran Karibiyan, masu tafiya da ƙyallen kama iska, wannan karatun suke yi da kuɗi mai nauyi. Irin jirgin ya samu karɓuwa a Turai bayan James Wharram, mutumin Ingila, ya ƙetare Atlantika a tsakiyar shekarun 1950 da wanda ya ƙera da hannunsa, mai tsawon mita 7 da ɗoriya. Su ma sai an ciro jirgi daga ruwa, ƙwararre ya bi jikin faiba da ƙaramar guduma yana sauraren inda ruwa ya shige. Wurin da suka fi tsoro shi ne haɗin da ya ɗaure jikin biyu, sa'an nan ga inji biyu da matuƙi biyu, kowane gyara ninki. Bambancin shi ne can kamfanin inshora yakan nemi takardar dubawa kafin ya karɓi tsohon jirgi.

A nan babu mai tilasta wannan, kuma haɗarin yana ƙaruwa ne in jirgin su ya koma na fito, aka loda masa mutane da buhuna da babura. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako ya tsage a Kwara kusa da Warrah ta Jihar Kebbi, fasinjoji fiye da 100 suka salwanta. A Satumban 2024 wani ya kife da manoma a Gummi, cikin Zamfara, aka rasa mutane da dama. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin rajistar jirage da hana lodin wuce kima da tafiyar dare da tilasta sa rigar ruwa. Ma'aikatanta sun fi yawa a manyan tashoshi. A ƙananan mashigai irin na tafkin Bakolori, hukuncin ko tsohon jirgi zai sake shiga ruwa yana hannun mai shi, da kafintan da ya buga facin ƙarshe, da Sarkin Ruwa.