Intanet da Makomar Dillancin Kano: Nazari a kan Fagge da Sabon Gari

Arzikin Fagge da Sabon Gari tun asali hanya ce ta kawo shi. Fagge zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Azbinawa da sauran fatake ke sauke kaya. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari domin baƙin da jirgi ke kwasowa daga kudu, Kwarori kuma suka kafa kantunan yadi a Fagge, a wurin da ya zama Kantin Kwari. Yau wata hanyar ta sake isowa, wato intanet. Abin da wannan maƙala ke son kafa hujja a kai shi ne, hanyar da ta faɗaɗa cinikin waɗannan kasuwanni ita ce kuma ke zaizaye tushen ribarsu.

Tarihin gyaɗa ya isa misali. Turawa sun shimfiɗo dogo ne da tsammanin za su yi ta kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila, amma daga 1912 manoma suka karkata ga gyaɗa saboda ta fi tsoka. Waɗanda suka ci moriyar wannan sauyi su ne attajiran da suka goge a fataucin goro, irin su Alhassan Ɗantata, domin suna da jari, suna da yara a ƙauyuka, manomi kuma ya yarda da su. Jirgin ba nasu ba ne, amma kayan da yake ɗauka a ƙasarsu ake noma shi, ta hannunsu kuma yake bi.

A Kantin Kwari yau, yaron shago zai shimfiɗa turamen atamfa ko ya warware bakin shadda, ya ɗauki hoto ya ɗora a WhatsApp. Kafin azahar wata 'yar sari a Maraɗi ko Damagaram ta zaɓi launi, an yi ciniki ta saƙon murya, ta yi tiransifa, maigida ya ga alat. Sai ɗan dako ya kai dila tasha, a tura mata lambar direba. Ba ta biya kuɗin mota ba, ba ta kwana a hanya ba. Ƙarancin takardun kuɗi da canjin fasalin naira ya jawo a farkon 2023 ya tilasta wa hatta dattawan da ke ƙyamar banki karɓar wannan tsari. Wannan ci gaba ne, babu mai musu.

To amma wayar da ta haɗa wannan mata da Fagge tana iya haɗa ta da Guangzhou. Ribar dillali a kan sani take: ya san inda kaya yake da ainihin farashinsa, mai saye bai sani ba. Manhajoji irin su Alibaba da WeChat suna rage wannan tazara kullum. Kuma mafi yawan yadin da ke Kwari daga Sin ake shigo da shi, tun bayan da masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka durƙushe saboda rashin wuta da kwararowar kaya masu arha. A 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan kasuwar Sin a Kwari bisa zargin cinikin da ba a ba su izini ba. Hukuma na iya fitar da mutum daga shago, amma ba ta da ikon fitar da masana'antarsa daga wayar mai saye.

Wasu za su ce amana ba a sayenta a manhaja, kuma suna da gaskiya. Masana'antar Sin ba za ta ba ɗan sarin Injamena kaya bashi ya biya bayan salla ba. Alhajin Kwari yana bayarwa, don ya san ubansa. Sai dai wannan amana a ka take, ko a littafin da ke cikin akwatin shago, kuma gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 da ambaliyar Kwari ta 2022 sun nuna yadda dukiya da lissafinta ke tafiya dare ɗaya. Abin da ya fi damuna ma shi ne, cikakken lissafin cinikin kasuwa yanzu yana hannun kamfanonin tiransifa, su suka san juyin kowane shago, ƙungiyar 'yan kasuwa kuwa ba ta da irinsa da za ta kai banki ko gaban gwamnati.

Batun haɗin kan ƙasashe shi ma yana buƙatar a karanta shi da idon basira. A Yamai Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka a Yulin 2019, wata guda bayan haka ta rufe iyakokinta har Disambar 2020, aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a can a 2023. Saƙo yana tsallaka Jibiya cikin ƙiftawar ido, dila kuwa sai an buɗe mata. Muhimmin abin da ba a cika faɗa wa 'yan kasuwa ba shi ne, sassaucin harajin wannan yarjejeniya na kayan da aka sarrafa a Afirka ne. Atamfar da aka saƙa aka buga a Sin ba ta cikin rabon, komai yawan kwantenar da aka sauke a Fagge.

Saboda haka dabarar da ta rage ita ce Kano ta mallaki wani abu a jikin kayan da take sayarwa. 'Yan Kwari sun san zanen da mata ke so daga nan har Agadas, su ke aika samfur a buga musu, amma kaɗan ne ke yi wa zanensu rajista. Telolin Fagge da marinan Ƙofar Mata suna ƙara wa yadi daraja da hannunsu, kuma aikinsu ne ya fi dacewa da sharaɗin yarjejeniyar. Ina kira ga shugabannin Kantin Kwari da na Kasuwar Sabon Gari su zauna da masana na Jami'ar Bayero, su fara da tattara lissafin cinikin mambobinsu a rumbu ɗaya mallakinsu, sannan su haɗa jari a tayar da ko da masana'antar buga atamfa ɗaya ce a Sharaɗa.